Ba Fitilar Ce Ta Ci Idona Ba

Akwai maganar da na daɗe ina ji a bakinku, ku 'ya'yana, yanzu har ta fara sauka bakin jikoki, kuma na gaji da jin ta. Wai wani haske ne mai ƙarfi a ɗakin bincike a Masar ya ƙone mini idon dama, wai kuma babanku ne ya matsa sai na ƙarasa karatu alhali likita ya hana. Ranar sunan ɗiyar Nasiru da kunnena na ji wata daga cikinku tana ba baƙi labarin a tsakar gida, har da ƙarin gishiri, wai jan haske ne irin wanda ke yanka ƙarfe. Tabɗi! Fitilar da na yi aiki da ita ruwan ɗorawa ce, abin da ke isowa idona daga cikinta ko hasken kyandir bai kai ba. Babanku kuwa, Allah Ya jiƙansa, ba ya nan balle ya kare kansa, kuma na san shi, ko yana nan ba zai kare ba. Don haka ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin mai idon.

Na kusa hamsin lokacin da aka tura babanku aiki ofishin jakadancinmu na Alƙahira. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da fiziks a makarantar 'yan mata, daga ni sai alli da allo, ina zana wa yara abubuwan da ni kaina ban taɓa gani da idona ba. Na ajiye aikin na bi shi, mu uku da Ummi auta, ku sauran wasu na jami'a wasu na ɗakin aure. Aka ba mu shaƙƙa, wato sashe a gidan bene, a Ma'adi, hawa na uku, itatuwa ta ko'ina, shiru kamar ba a cikin garin nan mai hayaniya ba. Wata shida na yi ina zaman kashe wando, in mace ma tana kashe wando. Na goge abin da yake a goge, na koya wa matar maƙwabci dambun shinkafa ba ta tambaye ni ba, na yi faɗa da bawwab, mai gadin benen, a kan shara. Wata Juma'a babanku ya dawo daga masallaci ya tarar ina yi wa Ummi wa'azi a kan yadda ta jera takalma.

"Malama," ya ce, "gidan nan ya yi miki kaɗan. Jiya kin koya wa bawwab riƙon tsintsiya, yau Ummi ce, gobe ni ne. Don Allah ki je ki yi digirin nan na biyu da kike ta yi mini gori a kansa, mu samu lafiya."

"Da furfurata, Alhaji?"

"Furfurar tana cikin mayafi, wa zai gani?"

To wannan shi ne iyakar matsawar da ya yi mini, kuma da dariya ya yi ta. Na shiga jami'a a Giza. Kullum da safe in hau metro daga Ma'adi, taragon mata, in ratsa Wustul Balad, tsakiyar gari, in canja jirgi, in sauka cikin yara sa'o'in 'ya'yana suna matsa mini wuri suna ce mini hajja. Darussan aji ba su ba ni wahala ba. Shekarar da nake son ku sani ita ce 2014, wadda na shiga ɗakin bincike. Malamar da ke duba aikina, Dakta Nadiya, ta tambaye ni me ake yi a gidanmu, na ce mata mahaifiyata man gyaɗa take matsewa tun kafin a haife ni. Sai ta tafa hannu ta ce khalas, shi ke nan, an samu aiki. Zan auna yadda maganaɗisu ke murɗa haske a cikin mai iri-iri, na zaitun da na riɗi da na gyaɗa, mu ga ko ta haka za a iya gane man da aka yi wa algus. Sabon injin da ke aunawa da kansa yana hannun masu digiri na uku, layinsu ya kai na shekara. Ni aka tura ni ƙasan bene wurin tsohon, wanda da ido ake aiki da shi.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, Ammu Fathi, gajere, mai kaurin murya, da ƙaton zoben makullai a ƙugu. Ɗakin ba taga, an shafe bangon da baƙin fenti, in ya rufe ƙofa ko tafin hannunka ba ka gani. Bari in yi muku bayanin aikin yadda nake yi wa 'yan aji huɗu, don na san rabinku gudun fiziks kuka yi. Haske in ya taso daga fitila kaɗawa yake yi ta kowace fuska, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace. Akwai gilashi na musamman da ke tace shi kamar asabari, wanda ya zo daidai da tsagar ne kaɗai zai wuce. In ka sa irin gilashin nan biyu, ka gicciye na biyun a kan na farko, babu abin da zai wuce, sai duhu. To a tsakanin su biyun ake kwantar da kwalbar mai, doguwa kamar sarewa, a cikin wani naɗin waya mai nauyi da ke zama maganaɗisu in an ba shi wuta. Kai kuma ka kafa ido a wani ɗan bututu a ƙarshe. In an kunna maganaɗisun, hasken da ke ratsa man sai ya ɗan murɗe, ya daina zama daidai da gicciyen, ya sulale ya fito. Aikinka ka juya gilashi na biyu a hankali har duhun ya dawo, sannan ka haska 'yar tocila ka karanta digiri nawa ka juya. Iyakar awon ke nan.

Na san wannan duka a takarda, na koyar da shi ma. Amma ranar farko da na kafa ido a bututun nan, cikin baƙin duhu, Ammu Fathi ya murɗa wuta, naɗin wayar ya fara gurnani ƙasa-ƙasa, sai ga wani ɗan ɗigon rawaya ya tsiro a tsakiyar duhun kamar an hura garwashi. Ba wanda ya taɓa fitilar, ba wanda ya taɓa gilashin, ba wanda ya taɓa man. Na kama juya gilashin ta dama, ɗigon yana dusashewa, har na zarce wurin ban sani ba.

"Shimal, ya madam, shimal!" in ji Ammu Fathi daga bayana.

Hagu yake nufi, in koma da gilashin hagu kaɗan. Ni kuwa da Larabcin Islamiyyar Malumfashi a kaina, ga shi da safe ya nuna mini wani makunni mai hannu da aka rubuta wa shamal a sama, wato arewa, janub a ƙasa, wato kudu, mai juya fuskar maganaɗisu. A bakin Bamasare kalmomin biyu kusan ɗaya suke fita. Kawai sai na lalubi hannun nan na banka shi sama, wuta na kan gudu. Wani shuɗin tartsatsi ya yi tas, Ammu Fathi ya ƙwala ihu yana kiran sunan Allah, don ba a juya shi sai an rage wutar tukuna. Ni ko ta kansa ban bi ba. Idona na kan bututu, kuma ɗigon da ya kusa mutuwa ya buɗe tar, ya fi na farko haske. Na juya gilashin ta hagu, na wuce inda muka faro, na ci gaba, duhu ya dawo. Na haska tocila. Digiri biyu da ɗan abu ne a dama ɗazu, yanzu ga digiri biyu da ɗan abun nan a hagu, ba ƙari ba ragi.

"Subhanallah," na ce. Na ji ruwa na bin kumatuna.

Ammu Fathi ya kunna fitilar ɗaki zai ci gaba da faɗa, ya ga fuskata, sai ya fasa. Can ya ce, "Shekara talatin ina ɗakin nan, ɗalibai suna kuka in awo ya ƙi. Ke ce ta farko da ta yi kuka don ya yi." Daga ranar ya raɗa mini Madam Shamal, har masu shara da shi suke kirana.

Na buga wa Inna waya na ce a aiko mini da manta, na hannunta, ba na kasuwa ba. Wani ɗalibi da ya je hutu gida ya taho da shi a gorar ruwa, an naɗe bakin da leda da tsumma.

"Ke Rakiya," in ji Inna, "man nawa ci za ki yi ko me?"

"Haska shi zan yi, Inna."

"Ikon Allah. To ki gaya wa Larabawan su haska da kyau, ba abin da za su gani. Ni ban taɓa haɗa maina da komai ba."

Gidanmu na Ma'adi ya koma aji. Ummi ta ce in ta sake jin kalmar maganaɗisu a kan abinci za ta koma cin abincinta a baranda. Babanku kuwa saurare yake yi da gaske, yana tauna yana gyaɗa kai. Ranar da Ammu Fathi ya nuna mini abin madubi, ban bari ya cire takalmi ba na tare shi a ƙofa. Ruwan sukari ma yana murɗa haske, ba sai da maganaɗisu ba, amma in ka sa madubi hasken ya koma ta inda ya fito, murɗin warwarewa yake yi, ya dawo kamar ba a yi komai ba. Na maganaɗisu kuwa ba ya warwarewa. In hasken ya je ya dawo, murɗin ninkuwa yake yi. Ammu Fathi da wani dunƙulen gilashi ya gwada mini, ni kuma na ƙudura a raina sai na gani a cikin man Inna, shi ne zai zama babin ƙarshe na aikina.

"Tsaya, Malama," in ji babanku. "Kenan in ya bi hanyar ya komo, ba ya komawa yadda yake?"

"Ba ya komawa."

"Kai! Allah mai iko. To zuba mini miyar kafin ita ma ta murɗe."

A farkon watan shida ne abu ya fara ɓaci. Al'adarmu in na karanta awo, Ammu Fathi yakan leƙa ya tabbatar lokaci-lokaci. Sai ya zamana in ce duhu ya yi, shi ya leƙa ya ce a'a, da saura, ga haske nan. Na ce tsufa ne ke damunsa, ya ce ai ni ma ba yarinya ba ce. Muka yi ta musu kwana uku. A na huɗu ya ce in gwada da ɗaya idon. Na rufe na dama na kafa na hagu, sai ga hasken da yake faɗa, ƙuru-ƙuru. Na mayar da na dama, babu. Na sake, na sake. Dama na ɗan jima ina fama da ciwon kai ta gefen dama in na fito daga ɗakin, ina ɗora wa zafin gari. Ban gaya wa kowa a gida ba. Washegari maimakon Giza na sauka a Wustul Balad, na hau wani tsohon bene wurin likitan ido.

Likitan ya daɗe yana dubawa. Ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda magudanar ruwan ido ke tsukewa, kuma ya riga ya ci wani sashe na idon dama, na hagun ma a tsuke yake. Ya tambaye ni aikina, na gaya masa ina wuni a ɗaki mai duhu. Ya ajiye alƙalaminsa.

"Madam, duhu shi ne babban abokin gabarki. A cikin duhu ƙwayar ido buɗewa take yi, in ta buɗe sai ta toshe 'yar hanyar da ta rage. Aiki nake so in yi miki cikin makon nan. Bayan aikin mako shida ba sunkuyo, ba wahala. Ɗakin nan kuwa ki manta da shi."

"In an jinkirta mako bakwai fa?"

"Zan ba ki maganin ɗigawa, amma ba zan yi miki alkawari ba. Rana ɗaya zai iya rufewa gaba ɗaya. In kika ji ciwo mai tsanani, ko kika ga bakan gizo kewaye da fitila, a wannan sa'ar ki zo, kada ki kai gobe. Ina mijinki? Ki zo da shi."

Ku duba abin da ke gabana. Mako bakwai suka rage mini a jadawalin ɗakin, bayan su wasu ɗalibai ne za su karɓa. Aikin babanku kuma ƙarshen watan takwas zai ƙare mu koma gida. In aka yi aikin ido yanzu, shi ke nan, ba awo, ba madubi, ba digiri, in koma Malumfashi da labarin na kusa. Na zauna a dakalin tashar metro jirgi uku suka wuce ni. Ba zan yi muku ƙarya in ce takardar digirin ce ta riƙe ni ba. Ɗigon nan ne. Shekara ashirin da biyu ina rantse wa 'ya'yan mutane cewa abu kaza gaskiya ne don littafi ya faɗa, sai da na tsufa Allah Ya buɗe mini ƙofa Ya ce leƙa ki gani, kuma a ce in rufe ta da hannuna saura ƙiris? Na san in babanku ya ji, ko awa ɗaya ba zan ƙara a ɗakin ba. Mutum ne mai sauƙi, amma a kan lafiya ba ya wasa. Don haka na sayi maganin, na ɓoye shi a kicin cikin gwangwanin daddawa, inda na tabbata shi da Ummi ba mai sa hannu.

Azumi ya kama a cikin makonnin nan, ga zafi, ga wuta tana yawan ɗaukewa a gari, wani lokaci muna tsakiyar awo gurnanin ya tsaya cak mu zauna jira. Na koma aiki da idon hagu, na ce wa Ammu Fathi likita ya ce gajiya ce kawai. Ya dube ni ya ce tamam, wato ya ji, amma ya riƙa buɗe ƙofa duk bayan rabin awa wai shi iska yake so. Awo kuwa ya yi kyau har ban san yadda zan gaya muku ba. Kowane mai da nasa murɗin. In na ƙara wuta murɗin ya ƙaru daidai gwargwado, in na ninka ta ya ninku, ko sau ɗaya bai saɓa ba. In na ɗiga ɗigon awon a takarda sai su jeru a layi ɗaya kamar sahun salla. Nakan zauna in yi ta kallon takardar ina tunanin tun ranar da aka halicci gyaɗa wannan ƙa'idar tana cikinta, tun Inna na yarinya tana murza tunkuza abin nan yana cikin kaskonta, ba wanda ya sani, ba wanda ya tambaya. Wallahi ko a Harami ban ji ƙanƙantar kaina kamar yadda na ji a ƙasan benen nan ba, Allah Ya yafe mini in na yi saɓo.

A mako na bakwai, muna buɗa-baki a baranda, aka kunna fitilun titi. Na ɗaga kai na ga kowace fitila da zobe kewaye da ita, ja da kore da shuɗi, kyakkyawa kamar an zana. Na rufe idon dama, zoben ya ɓace. Na san ko mene ne, likita ya faɗa mini da bakinsa.

"Mama, me kike kallo haka?" in ji Ummi.

"Ba komai. Miƙo mini dabino."

Kwana uku suka rage in gama, kuma su ne na madubi. Na ce a raina kwana uku dai. Washegari ciwon ya sauka sosai, kamar ana buga mini ƙusa ta gira. Na ce wa babanku ciwon kan azumi ne. Ya ce in sha ruwa in rama daga baya, in kwanta, na ce sai dai in na dawo. Na sa baƙin tabarau don kada a ga jan idon. A rana ta uku Ammu Fathi ya daidaita madubin a bayan kwalbar man Inna, muka rufe ƙofa, ya ba da wuta. Na juya gilashin da idon hagu, na dama yana bugawa kamar zai faɗo. Na wuce digiri biyu da ɗan abu, inda duhu ya saba tsayawa, haske bai mutu ba. Na ci gaba, uku, huɗu, sannan ya mutu. Na haska tocila na karanta, ninki biyu cif. Hasken ya shiga man mahaifiyata ya fita, ya bugi madubi ya komo, ya zo mini da murɗi biyu. Na ce Allahu akbar da ƙarfi har Ammu Fathi ya amsa. Na rubuta lambar a littafi, na miƙe, sai amai ya kece mini, ɗakin ya juya.

Ammu Fathi ne ya ɗauki wayata ya kira babanku. A tasi aka kai ni, ni na faɗi sunan titin likitan, babanku yana mamakin yadda aka yi na san wurin. Likitan na ganina ya gane ni. Ya duba idon, ya juyo, a gaban babanku ya ce:

"Madam, tun farkon watan shida na ce ki zo a yi aiki. Na ce in kin ga zoben kada ki kai gobe. Kwana nawa ke nan?"

"Uku," na ce.

Babanku ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, bai ce me ya sa ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce wa likitan a yi abin da za a iya. A ranar aka sauke hawan, aka yi aikin daga baya, aka kuma yi wa na hagun rigakafi, shi ya sa har yau nake gani da shi. Da aka cire bandejin na dama, likita ya haska tocila a ciki ya ce me na gani. Na ce ya kunna tukuna. Ya ce a kunne take.

Dakta Nadiya ta tsaya mini na kare aikin kafin mu taso, da auduga a ido, takardar tana nan cikin akwatina in kuna son gani. Duk tsawon makonnin nan babanku shi ke ɗiga mini magani, sau huɗu a rana, ya riƙe mini haɓa kamar yarinya. Sau ɗaya kawai ya yi maganar. Yana rufe kwalbar ya ce, "Malama, abin da kika gani ɗin, ya kai?" Na ce masa ban sani ba, Alhaji. Ƙarya na yi, na sani. Ya kai, kuma har gobe in na rufe idon da ya rage ina ganin ɗigon nan yana tsirowa. Ba a kan wannan nake nadama ba.

Mun sauka gida da kwana biyu muka je Malumfashi gaida Inna. An cika a ɗakinta, ku ma da yawanku kuna wurin. Inna ta shafa fuskata ta yi ta kuka. Yaya Bala, wanda kun san shi ne uba a gidanmu tun rasuwar Baffa, ya ƙi amsa gaisuwar babanku. Ya bari sai da ɗaki ya yi shiru.

"Alhaji, da ido biyu muka ba ka ita. An ce likita ya hana ta shiga wurin nan, aka ci gaba. Kana ina? Ko kai ma digirin kake so a ce matarka ta yi?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Babanku ya ɗan taɓa gefen mayafina, ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Yaya. Ni na kai ta, ni na ce ta ƙarasa. A yi mini afuwa."

Yaya Bala ya faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, a gaban surukai, a gabanku 'ya'yansa. Babanku yana durƙushe yana cewa a yi haƙuri. Ni kuwa, Rakiya mai baki, wadda ba a taɓa kayar da ita a musu ba, ina zaune a gefen gadon Inna na ja bakina na yi gum, don na ji daɗin da aka sauke mini kayan. A mota na ce masa me ya sa, ya ce wadda ta rasa ido ba a ƙara mata da surutun dangi, in bar shi haka. Na bar shi haka. Shekara tara ya yi bayan nan, Yaya Bala bai sake zama tabarma ɗaya da shi ba, ku kanku na ga yadda kuka riƙa dubansa in ana maganar idona, kuma kullum ina cewa gobe zan faɗa, har aka fita da shi.

Yaya Bala yana nan da ransa, kunnensa ɗaya na ji. Ummi, in kin gama buga wannan babin ki fitar mini da shi da manyan baƙaƙe, ki sa Nasiru ya zo da mota ranar Asabar. Ba aike zan yi ba, kuma ba wanda zai karanta a madadina. Ni zan zauna a gabansa in karanta masa da idon da ya rage.